Hatimina a Tsakiyar Tafki

Ni Gu Maolin, siliki nake sayarwa a birnin Suzhou na ƙasar Sin, amma babban burina a duniya shi ne a ce mini masani. Shekara uku ina kai wa tsoho Malam Pan gaisuwa da ganyen shayi, don kawai wata rana ya bar ni in buga hatimina a ƙarshen wani dogon zanen hoto na takarda da ya gada, kusa da na manyan malamai. Har na sa aka sassaƙa mini hatimin, ƙato, kamar kofaton jaki.

Ran nan ya aiko a kira ni. Muka wanke hannu, ya ɗauko naɗaɗɗen zanen kakansa, ya soma warwarewa daga dama, kamu ɗaya-ɗaya, yana naɗe abin da muka wuce. Duwatsu, itatuwa, wata 'yar gada. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake, "Kai! Malam, dubi dutsen nan!" alhali ban san abin da nake yabo ba.

"In mun kai ƙarshe, sai ka sa naka," in ji shi.

Daɗi ya kashe ni. Ya tashi duba ruwan shayi, ni kuma zumuɗi ya sa na ci gaba da warwarewa. Duwatsu suka ƙare. Takarda fara fat, kamu ɗaya, kamu biyu, ko ɗigon tawada babu. Na ce to, ƙarshen ke nan, an bar wa irinmu fili. Ban ko tambayi kaina ina hatiman malaman suke ba. Na dangwali jar tawada, na danna iya ƙarfina, har da murzawa.

Malam Pan ya dawo, ya ga hatimin, ya tsaya cak. Ya sa hannu ya ƙara warware kamu ɗaya. Sai ga ɗan kwalekwale da masunci a tsugune, can nesa ga gaɓar ƙetare. Ashe farin nan tafki ne! Ruwan da mai zanen ya bari ba tawada, shi ake zuwa kallo daga garuruwa.

"Malam, don girmanka, ana iya gogewa?"

"Ba ya fita, ɗana."

Ya daɗe yana duban wurin, idonsa ya ciko da ƙwalla. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Nan kakana yake tsayar da hannu, mu zauna mu yi shiru," ya ce a hankali. "Yanzu kuwa duk wanda ya iso nan, sunanka zai karanta."