Makunnin da Ke Zauren Hajiya Habibatu

Lokacin da kamfanin Walƙiya Sola ya shigo Gwallaga ya jera farantansa na wutar hasken rana a rufin wani tsohon sito, Hajiya Habibatu ce ta fara sa hannu a layinsu. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da lissafi a firamare, da ta yi ritaya sai ta sayi firiza tana sayar da ƙanƙara da kunun aya. Wutar gwamnati ba ta cika zama da rana ba, ita kuwa cinikinta na rana ne. Ma'aikatan kamfanin suka shigo suka ƙirga ƙwan fitila biyar, fanka biyu, firiza da talabijin, suka ce mata da wuya kuɗin wata ya haura dubu goma sha biyar.

Mijinta, Malam Ɗanlarai, tsohon direba ne, mutum ne kuma da ba ya son a canza masa ko wurin ajiye buta. Ya ce a dakata a ga yadda wasu za su kwashe da kamfanin tukuna. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta gaya masa cewa ai ta riga ta biya kuɗin mita tun jiya.

A makon ne maƙwabcinsu ma ya shiga. Sunansa Akinwale, amma kowa Baba Bolaji yake ce masa. Ya fi shekara talatin yana walda a shagon da ke jingine da zaurenta, shi ne ma shugaban masu walda na yankin. Rana ɗaya aka haɗa musu wuta, wata Juma'a, ma'aikatan suna ta sauri kada salla ta wuce su. Mitar Hajiya a cikin zaure, ta Baba Bolaji a cikin shago, bango ɗaya ne tsakaninsu, wayoyin kuma ta rami ɗaya suka bi.

Wuta ta zauna, ƙanƙara ta yi tauri kamar dutse. Hajiya ta yi wata guda tana yi wa Malam kallon gefen ido duk lokacin da ya miƙe a ƙarƙashin fanka. Sai takardar kuɗi ta zo: naira dubu ɗari da tamanin da shida da ɗari huɗu.

Ta sa tabarau ta karanta, ta cire ta goge ta sake karantawa. Malam ya tashi ya kashe fanka a hankali, ya ɗauko mafici. Wannan ya fi mata ciwo a kan duk wata magana da zai yi.

Washegari ta hau keke zuwa ofishin kamfanin da ke hanyar Yelwa. Wata ma'aikaciya mai suna Phoebe ta karɓe ta da fara'a, ta ba ta kujera, ta juyo mata da kwamfuta.

"Mama, ga shi nan. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma kuke jan wuta sosai. Kuna da injin niƙa?"

"'Yata, firiza ɗaya gare ni. Ko mutanen Gwallaga duka nake daskarar wa ba zan sha wannan ba."

"Mita ba ta kuskure, Mama. Amma ki cike wannan takarda, cikin kwana ashirin da ɗaya za a turo injiniya."

Hajiya ta cike da kyakkyawan rubutunta na allo. Kwana ashirin da ɗaya suka wuce, babu injiniya. Abin da ya zo shi ne takarda ta biyu, wadda ta ɗara ta farko, da gargaɗin za a yanke wuta idan ba a biya ba.

Duk wannan lokacin Baba Bolaji yabon kamfanin yake yi. Ya sayar da janaretansa, ya sayo sabon injin gurzar ƙarfe, yana ta lallashin 'yan ƙungiyarsa su shigo. Ranar da Hajiya ta tsaya a ƙofar shagonsa ta gaya masa kuɗin da aka kawo mata, ta tambaye shi nawa aka kawo masa, sai ya sauke gilashin walda a fuskarsa ya ce, "Ba laifi, Hajiya, ba laifi. Mun gode Allah." Ta lura da hakan, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Ranar Litinin ta koma ofis, aka ba ta wata takardar ta cike. Ta dawo gida da azahar rai a ɓace, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a zaure ta ce, tunda abin haka ne, a zauna a duhu. Ta kama makunnin da ke ƙarƙashin mita ta sauke shi.

Ƙarar injin da ke bayan bango ta mutu nan take. Daga cikin gida kuwa, talabijin ya ci gaba da karanto labarai.

Ta tsaya hannunta a kan makunnin. Ta ji Baba Bolaji yana tsaki yana magana da Yarbanci. Ta ɗaga, injin ya tashi. Ta sauke, ya mutu. Sai da ta gwada sau uku, domin ita ba ta yarda da amsar da ba a sake bin lissafinta ba. Sannan ta ɗaga ta bar shi, ta shiga ciki tana murmushin da Malam bai ga irinsa ba tun zuwan takardar farko.

Da ta yi masa bayani, Malam ya ce, "To alhamdu lillahi. Sai ki je ki gaya masa, ku tafi ofis tare."

"Zan gaya masa, Malam."

"Yaushe?"

"Wata biyu yana walda da kuɗina yana ce mini ba laifi. Shi ma ya ɗan ɗanɗana. Kuma ni na je ofis sau biyu, takarda suka ba ni. Shi idan ya yi ihu za su zo, don suna son 'yan ƙungiyarsa."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Makunnina ne, a zaurena yake, sunana ne a jikin mitar."

Ranar Talata ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta ajiye a zaure, ta zauna tana tsintar aya a faifai. Ba ta yi gaggawa ba. Takan bari sai injin ya ɗauki zafi, ta ji ƙarfe ya fara kuka, sai ta miƙa hannu. Bayan minti biyar, idan ta ji ya ajiye kayan aiki ya fito waje yana duban sama, sai ta mayar. Da wani alhaji ya zo duba ƙofar ƙarfen da ya ba da aiki, Baba Bolaji yana tsakiyar gaya masa cewa wannan wuta ba ta ƙiftawa, sai ta ƙifta.

Da la'asar ta leƙa ta yi masa sannu da aiki.

"Hajiya, wuta yana wasa da ni yau. Naku fa?"

"Mu dai tamu lafiya lau. Ba laifi, mun gode Allah."

Malam ya yini yana ta girgiza kai yana istigfari. Amma ranar Laraba bayan azahar, ya kwanta ƙailula, injin gurza ya hana shi runtsawa. Ya yi juyi, ya sake juyi, can sai ya ɗaga murya kaɗan.

"Hajiya, kina zaure?"

"Ina nan, Malam."

"Ba wai na ce ki yi wani abu ba. Amma da za a samu kamar rabin awa."

Aka samu minti arba'in.

Baba Bolaji ba yaro ba ne. Duk lokacin da wutarsa ta tafi, yakan je ya sauke nasa makunnin ya ɗaga ko za ta dawo. Ranar Alhamis da hantsi, shagon ya yi tsit, ya sauke makunnin, sai ya ji rediyon Malam da ke jone a bayan bango ya yi shiru. Ya ɗaga, rediyo ya dawo. Ya sa kunne a jikin bango, ya ji ƙarar aya a faifai da wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Sai ya sauke makunnin ya bar shi a sauke.

Hajiya ta jira firiza ta tashi, ba ta tashi ba. Ta gane an gano ta. Ita ma ta bar nata a sauke.

Haka aka yi awa uku, gida babu wuta, shago babu wuta, kowa na zaune a gindin makunnin ɗan'uwansa. Rana ta take. Ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan firiza, masu sayen ƙanƙara suna sallama suna komawa. A shago kuma ƙofar alhaji tana jingine, gobe ne alkawari. Malam ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin dalbejiyar masallaci, ya ce idan sun gama a aiko masa.

Baba Bolaji ne ya fara sallama a ƙofar zaure, hularsa a hannu.

"Hajiya, ni da ke shekara talatin. Me ya kawo wannan?"

"Baba Bolaji, nawa aka kawo maka?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi titi. "Dubu goma sha ɗaya. Wata na biyu, sha biyu."

"Da injin walda da injin gurza."

"Na ce Allah ne ya tuna da ni."

"Da na ce maka an kawo mini kusan dubu ɗari biyu fa?"

"Ranar ban iya cin abinci ba," in ji shi. "Na yi zargi. Amma na riga na sayar da janareta, Hajiya. Na ce bari in ga wata na uku."

Ta so ta ci gaba da faɗa, sai ta ga yadda gumi ke bin furfurarsa, ta tuna shi ne ya yi mata ƙyauren zauren nan bai karɓi kuɗin aiki ba. Ta tura masa kujera, ta shiga ta ɗebo masa kunun aya wanda sanyinsa ya fara gudu.

"Sha. Idan ka gama ka kira su. Kada ka ce mita, za su ba ka takarda. Ka ce 'yan ƙungiya sun fasa."

Ya kira. Ba a yi minti arba'in ba farar motar kamfani ta tsaya a ƙofar shago. Wani injiniya mai suna Fakhruddeen ya fito, Phoebe na biye da shi da fayil a hannu. Ganin Hajiya a tsaye sai ta ɗan rage tafiya.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji Hajiya. "Yau kwana talatin da takwas, amma ba komai. Ke tsaya nan ƙofar shago. Kai kuma injiniya, shigo zaure. Karanta sunan da ke jikin mitar nan."

"Habibatu Ɗanlarai."

"Da kyau. Baba Bolaji, tayar da injinka."

Ta ɗaga makunni, injin ya ɗauka. Ta sauke, ya mutu. Ta sa Fakhruddeen ya yi da hannunsa, sannan ta sa Phoebe ma ta zo ta gwada, ga maƙwabta sun fara taruwa. Fakhruddeen ya kwance murfin mita, ya leƙa ramin bango, ya daɗe yana kallo kafin ya ce an sarƙe wayoyin ne ranar haɗawa. Ya gyara cikin minti goma. Phoebe ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Mitar dai daidai ta ƙirga."

"Daidai ta ƙirga. Ɗalibin kirki ne aka ba shi takardar jarrabawar wani."

Rigima ta koma kan wanda zai biya. Phoebe ta ce za a mayar wa kowa takardarsa. Baba Bolaji ya zauna a kan benci. Hajiya ce ta karɓi biro ta juya bayan fayil. Ta ce da an kawo masa kuɗinsa na gaskiya tun watan farko, da bai sayar da janareta ba, da bai ƙaro inji ba, saboda haka wata na biyu kuskuren kamfani ne ya haife shi. Ta ƙara da ƙanƙararta da ta narke yau. Fakhruddeen ya ce ai wannan su suka kashe wa juna. Ta ce da sun zo a kwana ashirin da ɗaya da babu wanda ya kashe wa wani.

Aka kira manaja a waya, aka yi ta ja. A ƙarshe kamfani ya yafe wa Baba Bolaji rabin wata na biyu, sauran zai biya cikin wata shida. Hajiya ta biya dubu ashirin da uku na wata biyun. Kuɗin ƙanƙara dai ba ta samu ba, ta ce ta bar su da Allah, amma sai da ta sa aka rubuta cewa ta nema.

Baba Bolaji ya yi kwana biyu yana gaishe ta a taƙaice. A rana ta uku ya aiko mata da ƙaramin teburin ƙarfe na ɗora firiza, ita kuma ta aika wa matarsa kunun aya jarka guda.

Labari ya bazu a layin. Duk wanda aka haɗa wa wuta a waccan Juma'ar ya fara duban takardarsa da wani ido, aka riƙa zuwa ana roƙon Hajiya ta zo ta duba. Ranar Asabar ta yafa mayafi ta fita. Gida uku na farko lafiya lau. Na huɗu shagon Usama mai aski ne, wanda ya ce shi kam ba shi da ƙorafi, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Ta ce ai shi ya sa ta zo. Ta sauke makunninsa, injin askinsa ya ci gaba da kuka a kan wani mutum, lasifikar masallacin layin kuwa ta ɗauke ana tsakiyar sanarwar ɗaurin aure. Usama ya kashe injin da kansa, ya tambaye ta ko za ta raka shi wurin liman.