Hedimasta Ya Tafi Hutawa

Tun kafin ya ajiye aiki Hedimasta ya sha faɗa cewa shi ba a garin nan zai tsufa ba. Mutane ne suka ishe shi. Ƙofar gidansa ba ta rabo da takalma: wannan a rubuta masa takardar neman aiki, wancan a raba shi da maƙwabci kan kwata, ga tsofaffin ɗalibai da ke zuwa gaisuwa su shantake har a ƙara ruwa a tukunya. Don haka da babban ɗansa, wanda ke aikin injiniya a ƙasar waje, ya ce shi da Inna, matar Hedimastan, su komo wurinsa da zama, bai ko kwana da maganar ba.

Inna ce ta yi ta ja da baya. Ta ce wa za ta bar wa kajinta, kuma da wane baki za ta yi ciniki a can. Ya ce mata can ba a ciniki, komai da farashinsa a manne, shi ya sa ma mutanen can suke daɗewa a duniya.

Aka shiga neman izinin zama. Aka ce ya kawo takardar haihuwa, shi da aka haifa zamanin da ba mai rubutawa. Aka ce hoton ƙirji, da shaidar 'yan sanda cewa bai taɓa laifi ba, da hoton fasfo mai nuna kunnuwa biyu. Hoton nan an dawo masa da shi don ya murtuke fuska, ya sake wani aka dawo da shi don ya yi murmushi. Duk inda ya maƙale, cikin masu takalman nan ne wani zai ɓullo: wannan ƙaninsa na asibiti, wancan ya san mai riƙe da hatimi. Hedimasta yana karɓar taimako yana cewa a ransa saura ƙiris ya rabu da su. 'Yarsa da ke aure a garin ta sa shi a zauren hirar unguwa na waya, ya ce ta cire shi. Ta ce to, ba ta cire ba.

Da izini ya fito suka tafi. Gidan ɗan nasa can saman bene yake, tagogi a rufe ruf, ko kukan mota ba a ji. Ɗan da matarsa su fita da sassafe, jikoki su dawo makaranta su ce sannu Kaka su shige ɗaki. Da fari ya yi barci har ya gaji. Daga nan ya karance takardar bayanin injin wanki, ya gyara kurakuran da ke ciki da jan biro.

Inna kuwa ta samu wata tsohuwa a hawan ƙasa. Ba mai jin bakin wata, amma tare suke zuwa kasuwa, har ta san bas ɗin da ke zuwa bakin kogi. Takan dawo da raha, ta tarar da shi zaune da waya a hannu.

Shi ya fara kiran mutanen unguwa. Ashe tuni sun koma wa mai kemis ɗin bakin titi da shari'o'insu. Duk wanda ya ɗauka sai ya gaishe shi da ladabi ya ce, “Ranka ya daɗe, ai hutawa ka je yi, kada mu dame ka.”

Wata rana ofishin fansho suka kira shi ta bidiyo don su tabbatar yana raye. Ya sa babbar riga, ya gyara hula, ya zauna tun kafin lokaci. Ma'aikaciyar ta ce ya faɗi sunansa, ya juya kai dama da hagu. Ya yi. Sai ya tambaye ta ko an yi ruwa, da makarantar da ta yi, da wanda ya koya mata lissafi.

“Baba, mun tabbatar kana da rai,” in ji ta. “Akwai wasu a layi.”

“To, yaushe za ku sake tabbatarwa?”

Ta ce sai baɗi war haka. Ya ce a ganinsa wannan sakaci ne, mutum mai shekaru irin nasa ya kamata a riƙa duba shi duk wata, kuma ta ba shi lambar shugabanta zai yi masa bayani.