Mazagin Wandon Baba Ɗaga-Duka

…kuma wai ai ba a ambaci suna ba. Wai! To me ya rage a faɗa, lambar takalminsa?

Baba Ɗaga-Duka yana tsaye a ɗakin ajiya na bayan coci, tsakanin karyayyun bencina da gangar da ta fashe, farin wandon baftisma a ƙugunsa, bakin mazagi ɗaya a haƙori, ɗaya a hannun hagu. Yana ja. Yana zagi a zuci, yana neman gafara, yana sake ja. Ƙulli ɗaya fa — ƙulli ɗaya tak, abin da ɗan shekara biyar ke yi ido a rufe. Haƙoran ma huɗu suka rage, biyu suna rawa. Mazagin ya suɓuce. Hannun dama yana rataye a gefe kamar baƙon da ya zo gidan mutane ya ƙi gaisuwa.

A waje an fara waƙa. Mutum goma sha ɗaya ne yau a layin ruwa, Tsinke ce ta ƙarshe. Tsinke, jikarsa.

Shekara talatin da takwas yana tsayawa cikin kwamin baftismar nan kusa da Fasto. Fastoci shida suka zo suka tafi, shi yana nan. Fasto zai yi addu'a, ya kwantar da mutum cikin ruwa — to wa ke tayar da shi? Fasto? Fastocin da bokiti ɗaya ke sa su haki? Shi ne! Shi, tsohon ɗan dako, mai buhun siminti biyu a kafaɗa ɗaya, ɗayan hannun yana ɓare lemo. Mutum dubu uku ya tsamo daga ruwan nan. To, a ce ɗari tara… wa ya ƙirga? Har mahaucin nan da sai a kaikaice yake shiga ƙofar coci, cak ya ɗaga shi, da shi da zunubansa, har ƙafafunsa suka bar ƙasa, mata suka yi guɗa. A tambayi kowa. A tambayi — a'a, ban da Tela. Kar a tambayi Tela komai.

Ga shi can ma. Tarinsa ne a bayan ƙofa, irin na mutumin da zare ya cika wa maƙogwaro. Ya yi ta yi. Ya yi tari har gobe.

Akwatin ne ya jawo. Ɗan akwatin katako da ke bakin ƙofar coci, mai ƙaramar kafa a sama, inda kowa ke jefa takardar roƙon addu'a. Doka ɗaya ce tun zamanin da: ba a rubuta suna. Wani ɗan'uwa yana neman aiki. Wata 'yar'uwa mijinta yana shan giya. Shi ke nan, a ce Amin, kowa ya yi kamar bai gane ba. Shi kansa sau nawa ya zunguri na kusa da shi ya ce ai ka san ko wace ce? Sau nawa… to wannan daban, wannan wasa ne.

Lahadi uku da suka wuce. Sakatare ya gyara tabarau, ya buɗe takarda, da muryar nan tasa ta mai karanta sanarwar rasuwa: a yi addu'a domin wani ɗan'uwa, dattijo, wanda yake ɗaga mutane daga ruwan baftisma, hannunsa na dama ya mutu wata takwas ke nan, ko mazagin wando ba ya iya ɗaurewa, kuma ya hana a faɗa.

Wani ɗan'uwa! Mutum nawa ke ɗaga mutane daga ruwa a cocin nan? Goma? Kawunan nan duka suka juyo lokaci ɗaya, har kurman da ke zama a benci na baya. Kuma ya hana a faɗa — har wannan sai da Tela ya rubuta! Da rubutun nan nasa na awon wuya da hammata. Bai ambaci suna ba, Allah ya yi masa albarka, ya kiyaye doka.

Shekara hamsin, Tela. Shekara hamsin. Wa ya tsaya maka ranar aurenka, lokacin da gwiwoyinka ke kaɗawa kamar keken ɗinkinka? Wa ya goya ka zuwa asibiti da ƙafarka ta karye? Duk ranar Laraba, a shagonka, a rufe ƙofa, a durƙusa kan ƙyallaye, kai ka faɗi naka, shi ya faɗi nasa, a yi addu'a a tashi. Me bai ji ba na cikinka? Ya taɓa kai shi waje? To, sau ɗaya, maganarka da matar nan mai wanki… amma ai ta riga ta bar gari. A nan, a durƙushe, ya ɗora maka hannun a cinya, ya ce taɓa ka ji, Tela, ba ya kamawa. Da safe kofin shayi ya faɗi, tun daga ranar yatsun suka daina jin magana. Ya ce daga ni sai kai sai Ubangiji. Ka ce Amin. Ka ce Amin! Har da hawaye.

Kuma da dabara ai yana tafiya daidai. Hannu a aljihu, kamar babban mutum. In aka miƙo hannun gaisuwa sai ya ce a'a ɗana, bar shi, na karya yatsun mutum biyu a makon nan, likita ya hana ni. A yi dariya, a wuce. Wata takwas ba wanda ya gane. Wandunan gida duk Tela ya sa musu roba. Wannan ne kaɗai ba a sa wa ba, don roba ba ta riƙe wando a cikin ruwa — wani dattijo ya gwada shekarun baya, ya fito daga kwami, wandon bai fito tare da shi ba, zumuntar mata ta yi wata guda ba ta iya kallonsa. Sai mazagi. Sai ƙulli.

An yi tafi a waje. Na nawa ke nan? Na huɗu? Bakanike ne ke ɗagawa yau. Bakanike! Shi ya tsamo Bakaniken nan da kansa, yana rawar sanyi, majina har haɓa. Yanzu wai shi ne a gefen Fasto, yana kumbura ƙirji. Yana sa hannu a bayan wuya ma kuwa? Ba a wuya ake sawa ba, ɗan nema, tsakanin kafaɗu ake sawa, ka kafa ƙafar baya… wa zai gaya masa? Wa ya tambaya?

Ya sake kama mazagin da haƙori. Ya sunkuya, baya ya ce ƙas. Ya zagayo da shi, ya cusa, ya — kai! Kai!

Ubangiji, tsakani da Allah. Duk kayan jikin nan, hannu? Ga baki nan. Bakin da ya yi ƙarya ta cika mota, bakin da ya ce ya kama ɓarawo huɗu alhali ɗaya ne kuma gurgu, ka ɗauki bakin mana, kowa ya huta. Ga kunne, ba abin kirki yake ji ba. Amma hannu? Shi ba ɗan boko ba ne, ba ya karatu a gaban jama'a, in ya yi waƙa jarirai kuka suke yi, addu'arsa ba ta wuce layi uku. Abu ɗaya ka ba shi ya yi maka. Ɗaya. Ka zo ka karɓe, sannan ka aiko Tela ya yi shela.

Fasto ya zo gida bayan nan, yaron kirki, ya zauna a bakin gado yana murza hula. Wai Baba, Allah ya fi jin daɗin aiki da mutum in ƙarfinsa ya ƙare. Wai wannan ba ƙarshe ba ne, makaranta ce. Makaranta! Yana shekara saba'in da huɗu. Wadda aka sa shi yana yaro ma aji biyu ya yi ya gudu ta taga. Ya ce masa Fasto, in haka ne ka bar hannunka ya mutu mana, ka ga aiki. Fasto ya yi dariya. Shi bai yi ba. Sannan matan coci suka fara zuwa, wayyo Baba, sannu Baba, ɗaya har ta ɗauki cokali za ta ba shi abinci a baki. A baki! Shi!

Tarin ya matso kusa da ƙofa.

…Mai kifi. To, ga ta nan ta faɗo masa a rai, dama ya san za ta faɗo. Baftismar da ta wuce, wata uku ke nan, Tela ne ya ɗaure masa mazagi a ɗakin nan, ya ce Ɗaga-Duka, ka gaya wa Fasto. Ya ce don me? Hagu na nan. Hagunsa ta fi damar maza uku. Matar nan mai sayar da kifi, ƙatuwa, Fasto ya kwantar da ita, shi ya sa hagu, ya sa dama don ta tallafa — damar ta zame kamar sabulu. Ta koma ƙasa. Na ɗan lokaci ne. Ƙiftawar ido. To, ƙiftawa uku. Idonta a buɗe a ƙarƙashin ruwa, tana kallonsa, bakinta a buɗe… ya sa gwiwa ya turo ta sama. Ta fito tana tari, tana amai da ruwa, ya ce jama'a ku yi haƙuri, nata zunuban sai da aka wanke sau biyu! Coci ta kwashe da dariya. Kowa ya yi dariya, har ita.

Tela bai yi ba. Yana bakin kwami da tawul a hannu, yana kallon hannun.

Sau uku ya roƙe shi bayan nan. Ranar Laraba, a durƙushe. Ka faɗa da bakinka. Ka faɗa kafin baftisma ta gaba. Tsinke tana cikin na gaba fa. Shi kuma ya ce Tsinke? Tsinke da iska ke ɗauka? — amma wannan ba hujja ba ce! Amana amana ce. Da ya je ya raɗa wa Fasto a kunne ma da sauƙi. A'a, Tela ba ya gulma, Tela mai tsoron Allah ne, sai ya kai wa Allah ƙara ta hannun Sakatare, da lasifika.

Tafi kuma. Bakwai? Takwas?

Tsinke tana 'yar shekara shida, uwarta ta rasu, shi ke mata wanka a baho, ƙafafu kamar na zakara. Ta ce Tsoho, ranar da zan shiga babban ruwa kai za ka ɗaga ni? Ya ce da ɗan yatsa, yarinya, da ƙaramin ma. Yanzu shekara goma sha tara, tana koyon aikin jinya, ta fi shi baki. Da ta ji takardar nan ba ta ce wayyo ba, ita kaɗai. Ta zo ta kama hannun, ta juya shi, ta matsa yatsun ɗaya-ɗaya, ta ce wata takwas, Tsoho? Da ka faɗa da wuri da an gasa shi, da an motsa shi, da wataƙila… Sai ta ce wa dattawan coci ita ba za ta shiga ruwa ba sai yana ciki. Ba sai ya ɗaga ba. Ya tsaya kawai, ya ɗora mata hannu a ka. Ya ce wanne? Ta ce mataccen, shi nake so, ragon nan ya yi aiki ko sau ɗaya.

Ya tsaya kawai. Kamar turke. Jama'a suna kallo, Bakanike yana aikinsa, shi yana jiƙa wando a banza. Da safe ya rantse ba zai zo ba. Ya zo. Ya shigo ɗakin nan, Tela ya biyo shi da hannu a miƙe kamar ba abin da ya faru, shi kuma ya tura ƙofa a fuskarsa ya danna sakata. Zai ɗaura da kansa. Zai fita a ɗaure, ya wuce Tela ko kallo babu, su ga cewa —

Haƙorin ya yi zafi. Gishiri-gishiri a baki. Jini ne? Mazagin ya jiƙe da yawu, ya yi laushi, bakinsa ɗaya ya fara komawa cikin kafar wando. In ya shige shi ke nan, sai an nemo tsinke an zaro — Tsinke. Kai, Ubangiji, yau har da wasa kake masa?

Waƙar ta tsaya. Ba tafi. Ana ƙus-ƙus, sai muryar Fasto, sai wata siririyar murya da ya sani tun tana kuka a zani: ni fa ina jira.

Tana tsaye a matakala ke nan, ruwa a idon sawu. Ruwan nan da sanyi da safe. Ba ta son sanyi.

Su waye ma suka fi wuyar ɗagawa? Ba masu ƙiba ba ne, a'a… mahaucin nan ya saki jiki, ya taso kamar gora. Masu sandarewa ne. Wanda zai ƙanƙame jiki, ya riƙe maka riga, yana so ya tayar da kansa da kansa — siriri ma sai ya zama dutse, sai ya nemi ya ja ka ƙasa ku tafi tare. Sau nawa ya raɗa musu, saki jikinka, ɗan'uwa, ba kai za ka ɗaga kanka ba. Sau ɗari tara. Da bakin nan.

To ai su ba a tona musu asiri a lasifika ba.

"Ɗaga-Duka." Muryar Tela, ƙasa-ƙasa, bakinsa a jikin katako. "Ja sakatar kawai. Ba sai ka yi mini magana ba. Ko har mu mutu kar ka yi."

Munafuki. Maci amana. Hannunsa ma rawa yake yi yanzu, zare ba ya shiga allura sai ya kira maƙwabta… amma ƙulli, ƙullin Tela ba ya kwancewa.

Ya tako. Taku ɗaya, biyu, wandon a dunƙule cikin hagu. Ga sakatar daidai ƙirjinsa, mai tsatsa, sai an ɗaga an ja. Ya dubi dama. Ya ce mata tashi. Ta ɗan motsa, ta taɓa ƙarfen da bayan yatsu, ta zame, ta koma.

Sai hagu. Hagu kuma tana riƙe da wando.

Ya jingina goshi da ƙofar. Katakon da ɗumi, kamar akwai wani goshin a ɗaya gefen. Ya gaji, Ubangiji. Ya gaji ƙwarai. In ya saki, wandon zai zube har ƙasa, a gaban Tela, a haka zai gan shi… yatsun hagu sun yi tsami, suna so su buɗe, shi ne dai bai ce musu ba tukuna…