Zanen Malam Attahiru a Kan Rufin Awaki

"Ɗaga mani shi kaɗan, Dawuda, ban gani da kyau."

Dawuda ya gyara riƙon katakon. Ciwo ya ci ƙarfin Malam Attahiru, buroshin yana ɗigar da koren fenti a kan tabarma, amma ya ƙi ajiyewa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Tambuwal. Lokacin da Attahiru ya yi ritaya daga aikin malamin gona, abokansa duk suna rububin kwangila, shi kuwa ya hau motar Sakkwato ya shiga makarantar koyon zane, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Gari ya yi ta dariya. Ko Dawuda sai da ya ga aikin da idonsa ya bar zolayarsa.

Namadi, ƙanen Attahiru, ya leƙo ɗakin ya ɓata fuska.

"Yaya, mutane na zuwa dubiya. A ɓoye wasan yaran ga."

"Da furfurata na koyi wasan ga, Namadi. Bar ni in ƙare."

Bai ƙare ba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, Dawuda na riƙe da kansa.

Ba a daɗe da watsewar masu gaisuwa ba Dawuda ya ji ƙarar guduma ta bayan katanga. Ya shiga ya tarar da Namadi a kan tsani, yana buga zanen yayansa ɗaya bayan ɗaya a rufin rumfar awaki.

"Namadi, mi kaka yi haka?"

"Damina ta kama, kuma fentin ga bai shan ruwa. Ko banza sun yi amfani."

"Bawan Allah ya ƙare sauran ƙarfinai a kansu, kai ka bi su da ƙusa? Ko ƙasar kabarinai ba ta bushe ba."

"Kayan gidanmu ne, Malam Dawuda. Kai maƙwabci ne."

Dawuda ya matsa gindin tsanin. Ya roƙi ko guda ɗaya. Namadi ya cika baki da ƙusoshi, ya ci gaba da bugu.

Da la'asar hadari ya haɗo. Dawuda ya tsaya jikin katanga, rigarsa na jiƙewa, yana kallon ruwa na gangarowa ta tsakiyar fadamar Kebbe da Attahiru ya zana, shinkafarta kore shar. A ƙarƙashi awaki sun kwanta suna tuƙa.