Akwatin Da Ya Haɗiye Muryar Baba

Ƙarfe tara da kwata na safe Auta ta danna maɓallin saurare karo na shida, falon ya ci gaba da zama tsit kamar ba a taɓa magana a cikinsa ba.

A kan teburin cin abinci ta baza kayanta. Laftof na wannan ƙarshen, makirufo na wancan, a gefensa kuma ɗan baƙin akwatin sauti, wanda ke karɓar murya ya miƙa wa laftof, sannan ya dawo da ita ta lasifika biyu. Da shi take ɗaukar tallace-tallacen da take rufa wa kanta asiri da su, bai taɓa ba ta kunya ba sai yau. Yau da Baba ke zaune gaban makirufon da takarda a ninke cikin aljihu. Yau da Yaya zai zo da mota ƙarfe goma ya kai shi asibiti a yi masa aiki a maƙogwaro. Likita bai ɓoye musu komai ba: muryar za ta iya dawowa a dishe, za ta iya ƙin dawowa gaba ɗaya.

Kuma wace irin murya! Shekara talatin da ɗaya tana karanta labarai a gidan rediyo. Wannan muryar ce Umma ta fara so tun kafin ta san fuskar mai ita, har ta riƙa ƙona girki saboda labaran rana. Abin da Baba ya roƙi Auta ɗaya ne, ta ɗauke shi yana karanta wa Umma wata wasiƙa, ta ajiye. In murya ta dawo, a goge. In ba ta dawo ba, a ba Umma.

Auta ta san aikinta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Tun kafin Baba ya zauna ta murɗa maɓallin ƙara na akwatin zuwa tsakiya, ta kunna wutar makirufo, 'yar jar fitilarsa ta kama. In Baba ya yi magana, korayen layuka na tsalle a allon laftof. Amma ita ba ta yarda da layuka ba, domin bara ta taɓa ɗaukar wata mata awa guda cur, layuka na ta rawa, ashe ƙugin fanka kawai aka ɗauka. Tun ranar ta rantse sai kunnenta ya ji. Ga lasifikar laftof ɗin ta mutu tun da shayi ya zube a kai, ramin abin kunnensa ma haka, ta akwatin nan kaɗai take iya ji.

Ta shiga saitin sauti, ta ga akwatin ne aka zaɓa. Ta cire zaɓin ta mayar. Ta zare wayar akwatin daga wannan rami ta soka a wancan, ta hure ramin da baki ko ƙura ce. Ta bi wayoyin lasifika da yatsa har ƙarƙashin tebur, ta gwara kanta da katako wajen fitowa. Ta goge manhajar da ke haɗa akwatin da laftof, ta sake saukowa da ita, ta zuba wa ɗan layin da ke cika a hankali ido kamar ta tura shi da hannu. Ta kashe laftof ta kunna. Shiru.

Baba dai na zaune da hannunsa na hagu a kan tebur, yana kallonta da murmushin da ke ƙara tunzura ta. Ya ce a zamaninsu in na'ura ta yi gardama, injiniya mari ɗaya yake ba ta a ƙeya ta dawo hayyacinta. Ya tambaye ta ko ya ara mata tafinsa.

"Baba don Allah ka daina ɓata muryar," ta ce. "Ka adana ta."

"In adana wa wa, Injiniya? Wuƙa ke jiran ta."

Ta juya masa baya don kada ya ga idonta. Tara da minti talatin da biyar. Ta kira wani abokin aikinta, ya jero mata duk abin da ta riga ta yi, ya ƙare da cewa wataƙila waya ce ta tsinke ta ciki. Ta danna ɗauka, ta ce wa Baba ya yi ta magana ta ga ko layukan za su yanke, sai kuma ta kasa tsayawa kallo. Ta zari mayafi ta fice zuwa gidan maƙwabcinsu mai gyaran firinta don aro wata wayar akwatin. Mutumin ya zazzage mata kwali guda a tsakar ɗaki, yana ɗaga wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ba ta tarihin kowace, ita kuwa ji take kamar ta fasa ihu.

Da ta dawo, goma saura minti takwas, ta tarar da Umma tsaye a ƙofar falo da jakar asibiti a hannu. Umma ta dubi 'yarta da gumi ya jiƙe, ta dubi mijinta, sannan ta tambaya a hankali ko jar fitilar nan tun ɗazu take kunne. Auta ta ce tun safe.

"To duba inda hannunsa na hagu yake."

Auta ta duba. Yatsun Baba na kwance a jikin akwatin, maɓallin ƙara kuma na can ƙasa, a kan sifili.

Umma ta ce mutumin nan ko jar fitilar dutsen guga ya gani sai ya gyara zama ya yi gyaran murya. A gidan rediyo, da zarar ja ta kama, mai karatu ke rufe lasifikar ɗaki da hannunsa kafin ya buɗe baki, don kada ta yi ƙara a iska, ba ya buɗe ta sai ja ta mutu. Baba ya kalli hannun nasa kamar na wani ne aka ara masa. Ya rantse bai san sanda ya yi ba.

Auta ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Maɓallin nan ne wuri na farko da ta duba, shi ya sa ba ta sake waiwayarsa ba. Kusan awa guda tana zagin laftof, tana tsine wa waya, alhali abin na ƙarƙashin yatsun mahaifinta. Ta cije leɓe, ta tsayar da ɗaukar da ta bari tana gudana, ta murɗa maɓallin, ta danna saurare don gwaji kawai.

Ƙarar rufe ƙofarta ta fara fitowa. Sai motsin takarda. Sai muryar, cikakkiya, mai ɗumi, da ɗan kaushin ciwo a gefenta. Baba na cewa tunda akwati ya mutu, bari ya gwada bakinsa kafin yarinyar nan ta dawo. Ya kira Umma da wani suna da Auta ba ta taɓa ji ba. Ya karanta layi biyu, ya tsaya, ya ce rubutun ya yi tsauri kamar sanarwar gwamnati, ya ajiye takardar ya ci gaba da ka.

Baba ya kai hannu zai rage ƙarar. Umma ta ajiye jaka ta dafe masa hannun a kan tebur.

A waje Yaya ya danna ham sau biyu. Auta ta ajiye sautin a laftof, ta kwafa a filasha, ta aika wa kanta, har yanzu haushin kanta bai sake ta ba. Ta leƙa taga ta ce masa ya kashe mota, saura minti bakwai a gama sauraron muryar Baba.