Giram Ɗari da Arba'in

Tun ranar da aka sa 'yarsa a kwalba, Injiniya ya koyi duba katin da ke maƙale a jikin kwalbar kafin ya dubi yarinyar. Bakwaini ce, kilo ɗaya da giram ɗari biyu ta zo da shi, kai kamar lemo, yatsu kamar tsinken ashana. Shekara shida shi da matarsa suna jira. 'Yan uwa da abokan arziki suna ta bugo waya, ashe an samu ƙaruwa, Allah ya raya. Yana amsawa da baki ne kawai, don ƙaruwar da ake yi masa barka a kanta tana kwance cikin akwatin gilashi da siririn tiyo a hanci.

A ranar farko likitar jarirai, wata doguwa mai tabarau, ta ce masa, "Abin da muke nema shi ne ta riƙa ƙaruwa. Ko giram goma ne a rana, mun gode."

Ya riƙe wannan magana gam. Shi mutum ne mai yarda da lamba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune gaban teburin haɗa sauti a gidan rediyo, idonsa kan allurar da ke nuna ƙarfin murya. Sai ga shi a makon farko yarinyar raguwa ta yi ta yi. Aka ce masa haka jarirai suke, ya gyaɗa kai, amma abinci ya daina wuce masa.

A safiyar kwana na goma ya wanke hannu, ya saka rigar da ake ba iyaye, ya sunkuya kan katin. Shekaranjiya dubu ɗaya da ɗari da talatin. Yau dubu ɗaya da ɗari biyu da saba'in. Ya lissafa a ka, ya sake lissafawa a waya. Giram ɗari da arba'in cikin kwana biyu.

Ya fito baranda da sauri. Surukarsa tana zaune kan benci inda ta kafa sansani tun ranar haihuwa, da filas da tabarma a naɗe. Ya rusuna ya gaya mata.

"Ba na faɗa ba?" in ji Inna. "Ƙawata ta gaji da zaman kwalba. Jiya ma na hango kumatunta ta taga, sun ciko. Bari in je in gaya wa uwarta, ko ta daina yi mana fuskar shanu."

Ta tashi ta nufi ɗakin da iyaye mata ke tatsar nono, shi kuma ya koma ciki.

Ya tarar da Sista, babbar nas ɗin ɗakin, tsaye a kan kwalbar. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana. Ta cire wa yarinyar famfas ta ɗora kan ɗan ƙaramin sikeli, ta ɗauke, ta sake ɗorawa. Sannan ta zura hannu ta danna ƙaurin yarinyar da ɗan yatsa. Da ta ɗaga, wurin ya lotsa, bai taso ba.

"Sista, kin ga ta ƙaru?"

"Na gani," ta ce, ba ta juyo ba. "Ɗan jira a waje, likita za ta neme ka."

Bai kai ga zama ba likitar ta zo, ta ja shi gefen taga.

"Jaririya kamar wannan ba ta yin tsoka giram saba'in a rana," ta ce. "Ruwa ne. Abin da muke ƙara mata yana shiga, ba ya fita. Famfas ɗinta giram goma sha biyu ne in yana bushe, yanzu aka auna, goma sha uku. Ƙodarta ce ta yi sanyi."

"Amma ke kika ce ta riƙa ƙaruwa."

"Ni na ce. Ba irin wannan ba."

Ta yi masa bayani a hankali. Sun rage ƙarin ruwan, sun ɗebi jini, sun ba ta magani. Yanzu fitsari ake jira, za a riƙa dubawa duk bayan awa biyu.

"In ba ta yi ba fa?"

"Akwai babban asibiti mai na'urorin da ba mu da su. Amma tafiyar awa biyu ce, kuma ba na son ta hau mota a haka. Mu ba ta zuwa ƙarfe uku."

Likitar na juyawa sai ga matarsa ta fito, tana tafiya a hankali saboda ɗinki, da ɗan kofin nono a hannu. Murmushi take yi, irin wanda bai gani ba tun kafin haihuwa. Ta dube shi sau ɗaya, murmushin ya gushe.

"Faɗa min."

Ya faɗa mata yadda aka faɗa masa, bai rage ba. Ta ajiye kofin kan dakalin taga da hannu biyu, kada ko ɗigo ya zube.

"Jiya na ga hannunta ya yi ɓul-ɓul," ta ce. "Har hoto na ɗauka, na tura wa Yaya. Ina kallon kumburi ina dariya."

"Ni ma na yi murna. Wa zai sani?"

"Ni uwarta ce." Ta goge ido da bayan hannu. "Kada ka gaya wa Inna. Ka san hawan jininta."

Haka aka shiga jira. Ƙarfe goma sha ɗaya Sista ta auna famfas ɗin, giram goma sha uku. Inna kuwa tana kan benci tana bin dangi da waya ɗaya bayan ɗaya, yarinya ta fara ƙiba, nan da mako sai gida. Kowace kalma tana sauka a ƙirjin Injiniya kamar dutse. Shugabansa ya bugo daga wurin aiki yana tambaya ko zai leƙo don shirin rana, ya ce a nemi wani, ya kashe wayar gaba ɗaya.

Wajen tsakar rana Inna ta kira shi bakin tagar gilashin da ake leƙen jarirai. A saman kwalbar akwai allon da ke zana bugun zuciyar yarinyar da koren layi. Wata nas ta taɓa wani maɓalli a gefen allon, nan take layin da ke tafiya ƙasa-ƙasa ya miƙe, tsininsa ya ninka.

"Malam, dubi," in ji Inna. "Layin nan ya tashi. Zuciyarta ce ta ƙara ƙarfi, ko?"

Ya san maɓallin. Da irinsa yake cin abinci. In baƙo ya zo da siririyar murya sai ya murɗa, allura ta tashi, masu sauraro su ji kamar ƙato ne ke magana, alhali mutumin yana nan yadda ya shigo. Nas ɗin ta ƙara girman zanen ne don ta gani da kyau.

"Eh, Inna," ya ce.

Tsohuwar ta juyo ta ƙare masa kallo, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya auri 'yarta.

"Takwas na haifa, biyu na binne," ta ce. "Ka iya gyara muryar mutane, taka ce ba ka iya ba. Me ya samu ƙawata?"

Ya gaya mata. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta nemi magani ba. Ta koma benci, ta tura wayar cikin jaka, ta jawo 'yarta ta zaunar kusa da ita, ta ciro carbi.

Ƙarfe ɗaya aka sake aunawa, giram goma sha huɗu. Likitar ta dubi sikelin, ta fita tana danna waya. Ba a jima ba motar ɗaukar marasa lafiya ta ja baya ta tsaya a bakin ƙofa, direban ya buɗe bayanta, ya zauna a inuwa yana jira. Injiniya ya tsaya ta yadda matarsa ba za ta hango motar ba, amma ta riga ta ji ƙarar injin. Aka kawo masa takardar amincewa da tafiyar ya sa hannu.

Uku saura minti goma Sista ta ce su shigo su biyun. Fatun idon yarinyar sun kumbura har ba a ganin layin da ke tsakaninsu. Sista ta zura hannu, ta ɓalle famfas ɗin, ta naɗe, ta ɗora kan sikeli. Lambar ta yi rawa, ta tsaya. Ashirin da tara.

Sista ta ɗauke, ta jira sikelin ya koma sifiri, ta sake ɗorawa.

"Goma sha bakwai na fitsari," ta ce wa likitar.

"Bai isa ba," in ji likitar. "Amma an fara. A ce wa direba ya ƙara jira."

Matar Injiniya ta kama hannun rigarsa. Ya kai ta kujera.

Ƙarfe biyar aka samu talatin da shida, har zanen da ke ƙarƙashin yarinyar ya jiƙe. Likitar ta leƙa da kanta ta sallami direban. Da labari ya kai benci, Inna ta shafa addu'a, ta ce, "Tun da nake ban taɓa jin an yi wa fitsari barka ba, sai a kan wannan ficiciyar. To, barka."

Sista ma sai da ta yi dariya.

Washegari katin ya nuna yarinyar ta ragu da giram casa'in, kumatun suka koma, yatsun suka sake zama tsinke. Sakamakon jini ya fara gyaruwa a kwana na uku. Daga nan aka shiga tafiyar hawainiya, yau goma sha biyar, gobe ashirin, wata rana babu ko ɗaya. Sai da suka ƙara mako biyar a asibitin kafin likitar ta ce su tattara kayansu.

Ranar sallama Injiniya ya ja mota kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Motoci suna ta yi masa hon suna wucewa, wani mai keke ma ya wuce shi yana waiwaye. Matarsa tana baya da yarinyar a ƙirji, Inna a gefenta riƙe da jaka.

"Ɗan taka mana," in ji matar. "A haka sai ta fara rarrafe ba mu isa gida ba."

Ya ɗan ƙara wuta kaɗan, suka hau babban titi.