Ciyawar Beryl

A garinmu na yankin Wimmera, Noelene Kuhne ce mai duba ciyawa. Duk mako sai ta zaga gonaki tana murza ganye a tafin hannu, ta aika wa 'yan kwana-kwana labarin tsawonta da bushewarta. Da shi ake juya kibiyar allon bakin titi mai nuna haɗarin gobarar daji. Ni nakan bi ta ne don sauraro. Ɗanyar ciyawa shiru take yi, busasshiya kuwa sai ka ce tsofaffi na gulma a bayan coci.

A taswirar hukuma, makiyayar wani tsohon manomi, Clarrie, gajeriyar ciyawa ce da tumaki suka kiwace. Amma tun da matarsa Beryl ta rasu ya sayar da tumakin, ya watsa tokar gawarta da aka ƙona a wurin kamar yadda ta roƙa, ya ɗaure ƙofar da waya. Ruwa ya yi ta zuba, ciyawa ta kawo ƙirji.

Muka same shi jingine da shinge, riƙe da kofin shayi.

"Tsoho, na zo gaida dajinka," in ji Noelene. "Raƙumi ma sai ya ɓace a ciki."

"Ki ce musu tumaki na nan."

"Ina suke?"

"Sun kwanta. Nawa akwai kunya."

Ta yi 'yar dariya. "Clarrie, in wuta ta kama, iskar arewa ta taso, makarantar yara ce a bayanka."

"Beryl na ciki," ya ce. "Kina faɗa, tarakta za su turo."

"Na sani. Ai ni na riƙe maka tulun tokar ranar."

Ta murza ganye ɗaya, ya zama gari. A mota ta aika wa 'yan kwana-kwana abin da ta gani.

Aka gyara taswira, ƙaramar hukuma ta ce a yanke. Ranar da tarakta ta shiga, Clarrie ya tsaya da hularsa a hannu. Fararen malam-buɗe-littafi suka yi ta tashi a gaban injin, ban taɓa ganin masu yawa haka ba.

Gobara ba ta zo ba a shekarar.

Da kaka Clarrie ya koma wajen 'yarsa a Horsham. Noelene ta kai masa burodin ayaba. Ya karɓa ta tagar mota, ya ce, "Na gode, Misis Kuhne," kamar mai sallamar baƙuwa. Motar ta tashi.